Ƙafa Ɗari da Sha Biyu

Kontagora,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Yayana Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ɗalibanka, ya kuma gwiwar? Ina fata ba ta tashi ba yanzu da damina ta kawo kai. Inna tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko man zafin da ta aika ya isa. Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Na kira ka sau shida a makon nan, kullum sai matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunka. Na gaji da jin muryarta, shi ya sa na koma takarda. Zan bai wa direban motar Zugurma, in ya yar a hanya kai da shi.

Labarin shi ne an fitar da sunayen waɗanda za su wakilci kwalejinmu a gasar kwalejojin shiyya a Minna ƙarshen watan nan, kuma ni ce a wasan bakwai, wato wanda mutum ɗaya ke yin wasanni bakwai a haɗa masa maki. Kada ka yi saurin yaba mini, ba wadda na kayar. Sauran 'yan matan da suka ji akwai gudun mita ɗari takwas a ƙarshe duk suka zame. Amma Koci Abdulmalik ya kira ni ofis ya faɗa mini abin da ya hana ni cin abincin rana. Wata jami'a za ta turo mai horar da 'yan wasanta, kuma duk wadda ta shiga ukun farko a wasan bakwai za a ba ta gurbin karatun digiri, da ɗakin kwana, da filin roba na gaske da za ta riƙa atisaye a kai. Ni kuwa shekarar ƙarshe nake, daga wannan gasar sunana ya fita daga jerin ɗalibai. In na samu na tafi. In ban samu ba ka san inda zan ƙare, bencin rumfar Baba a kasuwa, ina gwada wa mata silifa.

Filin namu yana nan yadda ka bar shi, shanu da safe, 'yan ƙwallo da yamma, ni a tsakani da tsakar rana. Shingayen tsalle goma ake buƙata, shida muke da su, biyu ma da igiya aka ɗaure. Jifar dalma har yanzu ita ce abin kunyata, mashi dai ya fara jin magana. Dogon tsalle ne abin dogarona. Jiya na yi mita biyar da rabi saura kaɗan, sau uku a jere ina taka katakon da ake tashi a kai daidai. Lissafinka nake bi, ban taɓa sauyawa ba: in juya wa ramin yashi baya, in sa diddige a bakin katako, in riƙa jera ƙafa a gaban ƙafa har ɗari da sha biyu, in ajiye dutsena, daga nan nake tasowa. Koci ya taɓa kawo tef wai mu auna mu rubuta a littafi. Na maimaita masa abin da ka koya mini, cewa tef ana iya manta shi a gida, ƙafa kuwa tare ake tafiya da ita. Ya yi dariya ya ce jinin Yusha'u ba ya jin magana, ya mai da tef ɗinsa aljihu.

Takalminka mai ƙusa yana nan da sauran rai. Na kai an ɗinke na hagu karo na uku. Kai arba'in da biyu kake sawa, ni arba'in, saboda haka auduga nake cusawa a gaba kamar kullum. 'Yar mai sayar da takalmi guda tana gudu da na aro, ban san ko dariya zan yi ko haushi zan ji ba.

Baba kuwa shiru. Bai hana ni ba, bai kuma sa mini albarka ba. Tun ranar da aka kawo ka gida kwance a bayan mota daga tsallen sanda, shekara huɗu ke nan, ba a ambaton wasa a gidanmu in yana nan. Da na faɗa masa zancen Minna yana ɗaure takalma biyu-biyu, bai ko ɗago kai ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da na samu ke nan. Wallahi, Yaya, da ya yi mini faɗa da na fi jin daɗi.

Kai ma ba ka tsira ba. Kai ka jawo ni cikin wannan wahala ina 'yar sakandare, ka ce wasan goma ya kuɓuce maka amma wasan bakwai ba zai kuɓuce wa gidanmu ba, sannan ka tattara ka koma ƙauye ka bar ni da yashi. Ka zo Minna. Ba sai ka shiga fili ba in ganinsa yana maka ciwo, ka tsaya a bakin ƙofa ma ya ishe ni.

Ka gaida mai ɗakin naka. Ka huta lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Mardiyya.


Minna,
28 ga Mayu.

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mun iso lafiya shekaranjiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura saboda an cusa mu a mota tare da mashin jifa da shingaye.

Ba ka zo ba. Na duba bakin ƙofa har na gaji. Na bar wannan maganar sai mun haɗu, don yau ba na son abin da zai ɓata mini rai.

An gama ranar farko, wasa huɗu sun wuce, kuma ƙanwarka ce ta biyu cikin mu goma sha ɗaya. Filin roba abu ne na daban, kana takawa yana maido ka. A tsallen shinge na zo ta uku, ban taɓa ko ɗaya ba, duk da wannan ne karon farko da na ga goma a jere. Tsallen sama na zo ta biyu. Dalma kada ka tambaya. Mita ɗari biyu kuwa ni na ɗauka, da audugata da komai.

Wadda take gabana sunanta Charity, daga wata kwaleji a Kwara, doguwa, mai yawan dariya. Ta ga takalmina ta tambaye ni ko na kakana ne. Na ce na yayana ne, ai duk ɗaya. Mun shirya da ita sosai, har ta ba ni lemo. Mutumin jami'ar ya zo ya tsaya kusa da mu da littafinsa, na ga ya rubuta lambar rigata da idona.

Gobe da ƙarfe goma dogon tsalle, sai mashi, sai ɗari takwas da yamma. Koci ya yi lissafi ya ce ko tsallen da nake yi ranar da nake zazzaɓi na yi, ba mai fitar da ni daga ukun farko. Shi ba zai kasance kusa ba, lokacin ya haɗu da jifar faifan yaronmu na wasan goma a can ƙarshen fili, amma ya ce wannan ba sai an tsaya mini ba.

An kira magariba. Takardar nan sai na dawo zan bayar, amma na ƙagu in faɗa wa wani. Ka sa ni a addu'a ko da ba ka san ana yi ba.

Taka,
Mardiyya.


Kontagora,
3 ga Yuni.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da gwiwar, da mutanen gida. Mu ma lafiyar jiki dai akwai ta.

Ga takarda biyu a ambulan ɗaya. Ka fara karanta ta Minna, ka yi murnarka ta minti biyar kamar yadda na yi tawa ta kwana ɗaya, sannan ka dawo nan. Na zo ta shida. Ba jami'a, ba ɗaki, ba filin roba.

Rana ta biyu da safe, saura kamar minti arba'in a fara, ina riƙe da takalminka zan sa, aka zo aka ce wani dattijo yana nemana a bakin ƙofa. Na ɗauka kai ne suke kira dattijo saboda ɗingishi, har na shirya tsokanar da zan yi maka. Da na fita sai na ga Baba. Babanmu, Yaya, wanda ko zazzaɓi ba ya sa shi rufe rumfa, yana tsaye da jar ƙasar hanya a hularsa da kwali a hammata. Ashe tun mako uku da suka wuce ya ɗora silifas ɗina a kan takarda ya zana, ya aika wa wani abokin cinikinsa a Kano ya nemo mini takalmi mai ƙusa. Sai jajibirin ranar da yamma takalmin ya iso, Baba kuma ya bi motar farko bayan sallar asuba.

A nan bakin ƙofa, mutane suna wucewa, ya durƙusa ya sa mini shi da hannunsa. Ya danna babban yatsansa a gaban takalmin yadda yake yi wa masu saye, ya ce arba'in cif. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni sa'a. Shekara huɗu ina jiran wannan kalma. Na tsaya ina kuka kamar wata sakara, lokaci yana tafiya, sauran 'yan mata suna can suna gwajin gudu zuwa katako. Tsohon takalminka kuwa ya karɓe ya jefa a leda, ya ce ya isa haka, an daina ba shi kunya a kasuwa.

Na shiga a guje ana rufe gwaji. Na juya wa yashi baya, na jera ƙafa ɗari da sha biyu, na ajiye dutsena. Aka kira sunana. Na taso da ƙarfina duka, sai na ga katakon ya iso ni tun ban shirya ba, na wuce shi da ƙafar da ba ita ba. Alƙali ya ɗaga jar tuta, wato tsallen ya ɓaci. Na ce kuka ne ya rikita mini ƙirga. Na koma na sake jerawa a hankali, ina faɗa a fili kamar 'yar aji ɗaya, na sauka daidai kan dutsen nan. To me zan zarga? Lissafin da bai taɓa cin amanata ba ne. Na sake tasowa, abin da ya faru ya sake faruwa, aka sake ɗaga jar tuta.

Saura ɗaya. Na waiga neman Koci, yana can nesa wajen masu jifar faifai. Charity ce ta yi mini alama da hannu in ja baya. Na ja dutsena baya ƙafa uku da ka, ba tare da na san dalili ba. Wannan karon na tashi, Yaya. Ban taɓa tashi irin haka ba, na ji a jikina tun ina sama. Na sauka na juyo, alƙalin yana durƙushe yana duban katako. Yatsana ya haura layi da abin da bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Ya ɗaga ja. Ina kallo suka share yashin da manjagara, ko aunawa ba su yi ba.

Ina zaune a ƙasa Charity ta zo ta dubi ƙafata ta tambaye ni ina takalmin jiya. Nan take na gane. Ƙafa ɗari da sha biyu na takalmi arba'in da biyu ba su ne ɗari da sha biyu na arba'in ba. Kowace ƙafa ta ragu da ɗan abin da ido ba ya kulawa, ɗari da sha biyu suka taru suka cinye mini fiye da mita guda.

Sifili aka rubuta mini. Ban fita ba, na jefa mashin, na yi ɗari takwas ɗin, na kuma zo ta ɗaya a cikinsa don haushi. Da aka haɗa maki, tazarar da ke tsakanina da ta uku ba ta kai rabin abin da tsallena na kullum yake ba ni ba. Mutumin jami'ar ya zo ya yi mini jaje, ya ce suna uku aka aiko shi ya kawo, ba shi da ikon ƙara na huɗu.

Baba yana can cikin 'yan kallo, ya ga na riga kowa a gudun ƙarshe, ya ɗauka na ci gasar. Sai a mota na yi masa bayanin maki. Na ce ƙafata ce ta zame sau uku, tsautsayi ne. Ya ce ba komai, amma ai takalmin ya yi gudu. Yanzu duk layin 'yan takalma ya san 'yarsa ta zo ta ɗaya a Minna da takalmin da ya sayo.

Bari in faɗa maka abin da ke raina, don in na riƙe shi zai kashe ni. Ina jin haushinka. Kai ka koya mini raina tef. Shekara shida kana wasa da takalmi ɗaya tal, shi ya sa dabararka ba ta taɓa ba ka kunya ba, sai ka miƙo mini ita kamar karatun malam, ba ka taɓa cewa in kula in na sauya takalmi ba. Da kana bakin ƙofar nan kamar yadda na roƙe ka, da kallo ɗaya za ka yi ka gane. Ina jin haushin kaina fiye da naka, ni da nake karantar koyar da lissafi na kasa lissafin tafin ƙafata. Baba ne kaɗai ba na jin haushinsa.

Saboda haka ga roƙona ɗaya. Kada Baba ya ji. Ko da wasa, ko ta bakin matarka. Jami'a ta tafi, a bar masa abin da ya rage.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Mardiyya.


Kontagora,
19 ga Yuni.

Yaya Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kana lafiya, don tarbiyyar da aka yi mana ba ta yarda in fara takarda ba gaisuwa ba.

Amsarka ta iso, shafi huɗu. Uku a kan ƙaddara, kamar ni ban san da ita ba. Na huɗun kuma ka ce kai ne ka faɗa wa Baba tun watan Afrilu cewa takalmin ya yi mini yawa, kai ka ba shi shawarar ya sayo sabo, wai abin yana cin ka ba ka iya barci. Wannan na yafe tun kafin in kai ƙarshen layin, alheri ka nufa. Abin da ba ka rubuta ba shi ne za ka hau tudu ka nemo sabis ka kira shi ka zayyana masa komai, don ka sauke nauyin da ke kanka. Sabis ɗin da bai taɓa samuwa ba in ni ke kira. To ka sauke, bari in faɗa maka inda ya faɗa.

Ranar Talata Baba ya dawo gida kafin azahar. Ya ce in kawo masa takalman duka biyu. Ya haɗa tafinsu ya dubi bambancin. Sannan ya durƙusa a tsakar gida, ya riƙa jera tsohon da hannu, ɗaya gaban ɗaya, daga bakin zaure har ashirin, ya ja layi da tsinke. Ya dawo ya jera sabon ashirin, ya ja wani layin. Ya daɗe yana kallon tsakanin layukan nan biyu. Inna ta kawo abinci ya ce a mayar.

Washegari ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki tsohon takalminka a leda ya fita. Jikina ya ba ni, na bi shi daga nesa. Kwaleji ya nufa, ofishin Koci Abdulmalik. Na tsaya jikin taga ina jin komai.

Roƙo ya je yi. Ya ce a taimaka a bar yarinyar ta sake tsallen nan da tsohon takalminta, sau ɗaya kawai, a gaban mutumin jami'ar, ko a ina yake zai kai ta da kansa. Ya ce laifin ba nata ba ne, nasa ne, shekara talatin da ɗaya yana sayar da takalmi, bai taɓa sa wa wani abin da ya cuce shi ba sai 'yarsa. Ya ciro takalmin daga leda ya ɗora a kan tebur don Koci ya gani da idonsa. Koci ya yi masa bayani cikin ladabi, cewa an rufe gasa, an miƙa sunaye, ba a sake tsalle a ko'ina a duniya. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya sake roƙon daga farko. Sau uku yana yi. Wasu ɗalibai da ke baranda suka fara ƙunshe dariya, na dube su suka watse.

Da ya ga ba hali ya yi godiya, ya mai da takalmin leda ya fito, sai ya gan ni. Na tsai da mai acaɓa ya ce a'a, muka taho da ƙafa, yana gaba ina baya. Mun kusa kwanar gida ya tsaya, bai juyo ba, ya ce Mardiyya, ki yafe mini.

Ban san me na amsa ba. Na san dai na riƙe bakin rigarsa ina cewa ya daina, ya daina. Ubana, a bakin titi, yana neman gafarata saboda ya saya mini takalmi.

Rashin jami'ar nan na fara koyon zama da shi. Ranar Litinin zan fara zuwa rumfa, na ma daina jin ɗacin abin kamar da. Amma muryar Baba a kwanar nan ban san inda zan kai ta ba, kuma kai ka jawo mini jin ta. Abu ɗaya na roƙe ka a takardar da ta wuce, Yaya, guda ɗaya.

Ka ce kana so ka zo ƙarshen wata mu zauna mu yi magana. Inna ta ce in rubuta maka ka zo, ga shi na rubuta saƙonta. Ni ban ce ba.

Ka gaida iyali. Wassalam.

Mardiyya.